Wuyan Tantabara

A bakin hanyar Mirya, inda manyan motoci ke tsayawa,
akwai rumfar kwano da tsohuwar taya a rataye.
Nan injin iskar Baba Kalla yake,
ja ne a da, yanzu launin baƙin mai da ƙasa.
Daga kan injin zuwa tanki
tiyon tagulla ya lanƙwasa sau biyu,
kaurinsa bai fi ɗan yatsana ba.

Ranar da aka kawo shi, in ji Baba,
sai ka ce cikin nunanniyar gwanda.
Ni ban tarar da shi haka ba.
Na tarar da shi baƙi ƙirin a gindin noti,
sai shuɗi, irin na zanen da aka tsamo daga marina da wuri,
sai shunayya, wuyan tantabara in ta waiwaya a rana,
sai ruwan shayi na tafasa ta uku,
can kusa da tanki tagulla ta tuna sunanta.

Wata Juma'a ya tafi masallaci ya bar mini rumfa.
Shekarata sha uku, ina neman yabo.
Na sayi lemun tsami na dala biyar,
na roƙi toka wurin Gwamma mai ƙosai,
na zauna na dirza, na dirza,
har na hango hancina a ciki, dogo, a karkace.

Ya dawo da darduma a kafaɗa.
Bai dake ni ba. Da ma dukana ya yi.
Ya tsuguna ya daɗe, sannan ya ce,
"Mutari, wa ya aike ka wanke mini allo?"

Ya nuna mini wani ɗan zane da aka yi da ƙusa,
taƙi ɗaya daga kan injin,
wanda idona bai taɓa sauka a kai ba.
"Iska in ka matse ta, fushi take yi,
kuma a nan take fara sauke shi.
Muddin shunayya ba ta tsallake wannan zane ba,
mu kwana lafiya.
Ran da ta haura, bawul ya fara yoyo,
ko bel ya saki, ko mai ya yi ƙasa,
ko mun hana shi hutu don kwaɗayin jika guda.
Yanzu ka makantar da ni sai ganin wata."

Bazara ce, duwatsun Birni na toya ƙafar ƙadangare.
Motocin albasa, motocin kanwa,
ƴan kabu-kabu masu gaggawar da ba ta ƙarewa,
kowa iska yake so.
Injin na ta tari, ni ina gadin tiyo.
Kwana uku ya yi ruwan karan dawa.
Mako guda ya yi ruwan goro.
Ran da shuɗi ya leƙo, murna ta sa na kai hannu,
ga shaidar nan a wuyan hannuna,
siririya, ta fi sauran fatata sheƙi.

Yau shekara goma sha tara.
Na sauya bel sau nawa, ban ƙirga ba,
amma tiyon nan shi ne dai.
Baba Kalla na zaune a zaure a Garin Malam,
yana ta rufe masa ido biyu.
Duk magariba in na kai masa biredi da sukari
ba ya tambayar ciniki.
"Ina ta kai?" yake cewa.
"Saura yatsa biyu, Baba."

Jiya ma haka na ce masa.
Ya yi shiru, ya juya kunne wajen hanyar Mirya
kamar mai jin tarin injin daga nan.
Gaskiya ta taɓa zanen tun ranar Talata.
Na ajiye sifana goma sha uku a ƙarƙashin filo,
da asuba zan buɗe kan,
kafin motar farko ta tsaya.